Jirgi Na Da Ranar Gyara, Matuƙi Na Da Sa'o'in Hutu: Wa Ke Lissafa Wahalar Maniyyacin Gummi?

Duk wanda ya taɓa raka mahaifi ko kaka zuwa aikin Hajji daga Gummi, Bukkuyum ko Anka ya san yadda abin yake farawa. Saƙo ne zai iso daga jami'in alhazai na ƙaramar hukuma cewa gobe a hallara a sansani, jirgi ya kusa. Sai a ɗaure jaka, a yafi juna da dangi, a sammaka a kama hanyar Daki Takwas da Anka zuwa mahaɗar Mayanchi, kowa na addu'ar a wuce daji lafiya. Daga nan kuma sai zaman jira. Kwana ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu. Matasan gida na ta tambaya a zauren WhatsApp na iyali: "Inna ta tashi kuwa?" Amsar kullum ɗaya ce: jirgi bai zo ba.

Yawancin mutane kan ɗora wannan jira a kan ƙaddara, wasu kuma a kan sakacin jami'ai. Haƙuri dai ɓangare ne na wannan ibada, babu mai musu. Amma a bayan kalmar "jirgi bai zo ba" akwai wani lissafi da kamfanonin jiragen sama na duniya suka shafe shekara kusan 70 suna gyara shi, har ya zama aikin manhajojin kwamfuta. Lissafin yana ƙirga sa'o'in da jirgi ya yi a sama, yana ƙirga barcin matuƙi, yana ƙirga kowace dala. Abu guda da ba ya ƙirgawa shi ne dattijon da ya baro Gummi da asuba. Wannan giɓin ne ya kamata a cike, kuma cike shi ba ya buƙatar sabon jirgi ko ɗaya.

Jirgi ba motar tasha ba ne

A tashar mota, idan Sharon ɗin da ke kan layi ta samu matsala, ta bayanta ce za ta matso, a juye fasinja, direba ya tayar. A harkar jiragen sama ba haka abin yake ba, domin kafin jirgi ya tashi sai an amsa tambayoyi uku a jere.

Ta farko, wane nau'in jirgi ne ya dace da wannan tafiyar? Boeing 747 irin wanda Max Air ta yi suna da shi wajen jigilar alhazai yana ɗaukar ɗaruruwan mutane a sawu ɗaya, amma yana buƙatar dogon titi da mai mai yawa. Ta biyu, a cikin jiragen wannan nau'in, wanne takamaimai? Kowane jirgi yana da lambar rajistarsa a rubuce kusa da wutsiya, kamar lambar mota. Na Najeriya suna farawa da 5N, na Saudiyya da HZ, na Nijar da 5U. Jirage biyu na iya zama iri ɗaya a ido, amma tarihin gyaransu ya bambanta. Ta uku, su wa za su tuƙa shi, su wa za su kula da fasinja?

Amsar kowace tambaya tana ɗaure hannun ta gaba da ita. A nan ne wahalar take.

Ranar gyara ba ta ɗaguwa

Ba a jiran jirgi ya lalace kafin a kai shi wajen injiniyoyi. Doka ce ta tsara lokacin, kuma a Najeriya hukumar NCAA ce ke sa ido a kai. Akwai dubawar da ake yi kafin kowane tashi, akwai ta kullum. Akwai matsakaicin gyara da ake kira A, wanda ake yi bayan jirgi ya cika wasu sa'o'i a sama, daga wajen 400 zuwa 1,000 gwargwadon nau'insa, yakan kuma ci dare guda ko fiye. Sai babban gyara da ake kira C, wanda yakan zo duk bayan wata 18 zuwa 24, ya kwantar da jirgi na makonni.

Ba kowane filin jirgi ake iya waɗannan ayyuka ba. A 2017 ne kamfanin Aero Contractors ya samu izinin yin gyaran C ga tsofaffin Boeing 737 a Legas, aka kuma ɗauki hakan a matsayin babban ci gaba. Manyan jirage masu faɗi, irin waɗanda ake jigilar alhazai da su, galibi ƙasashen waje ake kai su. Ke nan mai tsara jadawali ba zai ce kawai "jirgin nan zai je Madina" ba. Dole ya tsara zirga-zirgarsa ta yadda ranar da sa'o'insa za su cika, zai kasance a garin da ke da injiniyoyi da kayan gyaran da suka dace. Idan ranar ta riske shi a Sakkwato, to ya zauna ke nan har a kawo masu aiki da kaya.

Matuƙi ma yana da mita

Lasisin tuƙin jirgi ba kamar lasisin mota ba ne. Wanda aka horar a kan Boeing 747 ba zai shiga Airbus A330 ya tayar ba, sai ya yi horo na musamman a kan wannan nau'in. Saboda haka ko da akwai matuƙa goma zaune a otal, idan ba na jirgin da ke ƙasa ba ne, tamkar babu su.

Sannan akwai iyakar aiki. A ƙa'idar Turai, alal misali, matuƙi ba ya wuce sa'o'i 100 a sama cikin kwana 28, kuma aikin yini ɗaya a asali ba ya wuce sa'o'i 13, tun daga lokacin da ya iso wajen aiki, sai idan an ƙara matuƙa a cikin jirgin da za su karɓi juna. Bayan aiki kuma akwai hutun dole na aƙalla sa'o'i 10. Ƙasashe sun ɗan bambanta a adadi, amma manufar ɗaya ce: gajiyayyen matuƙi haɗari ne ga duk wanda ke bayansa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, agogon matuƙi yana tafiya ko jirgi bai motsa ba. Idan ya iso filin jirgi ƙarfe takwas, aka ɓata sa'o'i biyar ana tantance fasfo da awon kaya, waɗannan sa'o'in sun fita daga kasonsa. Shi ya sa wani lokaci maniyyata za su ga jirgi lafiya ƙalau a gabansu, an sha mai, amma a ce sai gobe.

A gwada da misali

A ɗauka jiha tana da maniyyata 2,000, an ba ta jirgi ɗaya mai kujeru 400. Sawu biyar ke nan. A ɗauka tafiya daga Sakkwato zuwa Madina sa'o'i shida ce, sauke mutane da shan mai sa'o'i uku, dawowa shida, lodi a gida uku. Zagaye ɗaya ya zama sa'o'i 18, kuma rabin tafiyar jirgin fanko yake dawowa.

Matuƙan da suka kai shi ba za su iya dawo da shi ba, domin shida da uku da shida sun riga sun kai 15. Dole a ajiye wasu a Saudiyya suna jira. Idan jirgin yana zagaye ɗaya kullum, yana cin sa'o'i 12 a sama, wato 336 a kwana 28. Da iyakar sa'o'i 100, ana buƙatar aƙalla rukuni huɗu na matuƙa ga jirgi ɗaya tal, kuma wannan idan babu wanda ya yi ko ciwon kai. Idan kuma jirgin ya fara jigila saura sa'o'i 200 gyaran A ɗinsa ya cika, to a rana ta 17 dole ya tsaya, ko da rabin maniyyatan wata jiha na kwance a sansani.

Wannan jirgi ɗaya ne da jiha ɗaya. A 2023 Saudiyya ta ba Najeriya kujeru 95,000, ana ɗiba daga filaye da yawa, kuma kowane sauka a Jidda ko Madina yana da lokacin da hukumomin can suka ware masa.

Me ya sa sai kwamfuta

Idan akwai jirage 10 da tafiye-tafiye 10, hanyoyin da za a iya raba su sun kai 3,628,800. Idan suka zama 15, adadin ya haura tiriliyan ɗaya. Babu jami'in da zai iya zaɓo mafi kyau daga ciki da biro da takarda, balle idan aka ƙara sharuɗɗan gyara da hutu.

Tun 1956 masana biyu a Amurka, Allen Ferguson da George Dantzig, suka wallafa bincike a kan yadda za a raba jirage ga hanyoyi ta hanyar lissafi. Dabarar ita ce a rubuta abin da ake so a rage, misali kuɗin da ake kashewa, a rubuta dukkan sharuɗɗan da ba za a karya ba, sai kwamfuta ta nemo tsarin da ya fi arha ba tare da ta bi kowane zaɓi ɗaya bayan ɗaya ba. A 1994 kamfanin Delta ya bayyana manhajarsa mai suna Coldstart, wadda ke raba jirage kusan 450 ga tashi sama da 2,500 a kullum, ya kuma ƙiyasta za ta rage masa kashe dala miliyan 300 cikin shekara uku.

Amma manhaja ba tsafi ba ce. A Disambar 2022 guguwar dusar ƙanƙara ta rikita jadawalin kamfanin Southwest a Amurka. Manhajar da ke bin sawun ma'aikatansa ta kasa ɗaukar yawan sauye-sauyen, matuƙa suka koma buga waya suna jira sa'o'i don su sanar da inda suke. An soke tashi kusan 17,000, mutum sama da miliyan biyu suka maƙale, daga baya gwamnati ta ci kamfanin tarar dala miliyan 140. Darasin shi ne, jadawalin da aka matse shi har babu sarari yana da arha ranar da komai ya tafi daidai, yana kuma rushewa gaba ɗaya ranar da abu guda ya karkace.

Najeriya ta riga ta ɗanɗana

A Hajjin 2022, na farko ga 'yan waje bayan annobar korona, kujerun Najeriya 43,008 ne kacal, ƙasa da rabin abin da aka saba. Duk da haka wa'adin da Saudiyya ta sa na rufe sauka ya cika ba a gama jigila ba. Hukumar NAHCON ta nemi afuwa, ta ce kimanin mutum 1,550 ne ba su samu tafiya ba, 700 daga cikinsu maniyyatan jihar Kano. Mutane ne da suka biya kuɗi, suka yi bankwana, suka koma gida da jakunkunansu.

A 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, wadda ta nan ce hanya mafi kusa daga Arewacin Najeriya zuwa Saudiyya. Jirage suka koma zagaye, kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. An yi ta maganar kuɗin, amma ƙarin tafiyar ya taɓa komai: sa'o'in matuƙa sun fi saurin ƙarewa, ranar gyara ta matso, yawan sawun da jirgi ɗaya zai yi a mako ya ragu. Sharaɗi ɗaya ya canza, lissafi duka ya tashi.

Wanda ba ya cikin lissafin

Kwamfuta tana rage abin da aka ce ta rage ne kawai. Jirgin da ke zaune a ƙasa yana cin daloli kowace sa'a, musamman idan na haya ne. Lokacin sauka da aka rasa a Madina asara ce. Kujerar da ta tafi babu kowa asara ce. Amma tsohuwar da ta kwana uku a kan tabarma a sansani, kuɗin guzurinta na narkewa a sayen abinci, maganin hawan jininta na ƙarewa, ba ta jawo wa kamfani asarar ko sisi. A idon lissafin, jiranta kyauta ne.

Idan abu kyauta ne, za a yi amfani da shi ba tare da tausayi ba. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da cewa jirgi bai jira mutane ba ita ce a sa mutane su jira jirgi. Sararin da ya kamata a samar da jirgin ko-ta-kwana da ƙarin matuƙa, sai aka samar da shi da jikin maniyyata, waɗanda a 2025 kowannensu ya biya sama da naira miliyan 8.

Ga mutumin yammacin Zamfara abin ya fi tsanani. Mazaunin birnin Kano idan aka ɗage tashi zai hau a-daidaita-sahu ya koma gida ya kwana. Mutumin Nasarawar Burkullu ba shi da wannan gatan. Hanyarsa ba a bin ta da dare saboda 'yan bindiga, sau da yawa ma sai da rakiyar jami'an tsaro. Idan ya fito, ya fito ke nan. Kiran da aka yi masa ba bisa tabbas ba, ko dai ya jawo masa kwanaki a sansani, ko kuma bin hanya mai haɗari sau biyu. Wannan ma sharaɗi ne, kamar sa'o'i 13 na matuƙi, kuma ana iya rubuta shi da lambobi: ayarin Gummi yana tafiya ne tsakanin hantsi da la'asar, yana buƙatar sanarwar kwana biyu, kada ya wuce kwana ɗaya a sansani.

Shekara da shekaru maniyyatan Zamfara sun riƙa tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 200 daga Gusau. Filin jirgin Gusau, wanda gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2024, an yi shi ne don a rage irin wannan wahala, kuma abin maraba ne. Sai dai titin jirgi ba ya gyara jadawali. Sabon fili ƙarin wuri ne da jirgi zai iya maƙalewa idan babu injiniya da matuƙan canji a kusa, kuma bai rage ko taku ɗaya tsakanin Gummi da Gusau ba.

Su ma suna da hujja

Adalci ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Kamfanoni da NAHCON sun sha kokawa cewa jirgi kan sauka ya tarar jiha ba ta shirya mutanenta ba: biza ba ta fito ba, ko wasu maniyyata sun ƙi amsa kira suna jiran sawun ƙarshe. Jirgin da ya tashi da rabin kujeru babu kowa, ya ci hakkin wasu da ke bayan layi. Don haka jami'in da ke tara mutane tun da wuri ba lallai mugunta ce ta sa shi ba. Tsoron ranar rufe sauka ne.

Amma wannan hujjar tana ƙarfafa maganar ne. Mutane na ƙin amsa kira domin sun saba kiran ba shi da tabbas. Jami'ai na kira da wuri domin sun saba mutane ba sa amsawa. Abin da zai karya wannan zagayen shi ne bayani na gaskiya a kan lokaci.

Abin da ya kamata a nema

Na farko, kafin a ba kamfani kwangilar jigila, ya gabatar da jiragensa ɗaya bayan ɗaya da lambar rajista, sa'o'in da suka rage wa kowanne kafin gyara, yawan rukunin matuƙa, da jirgin da zai maye gurbi idan ɗaya ya kwanta. Alƙawarin "muna da jirage huɗu" ba jadawali ba ne.

Na biyu, a sa wa jiran maniyyaci farashi. Idan kwangila ta ce bayan sa'o'i 24 a sansani kamfani zai biya wani adadi a kan kowane mutum, matuƙar laifin daga gare shi ne, nan take jiran zai shiga lissafi, manhaja kuma za ta fara guje masa kamar yadda take guje wa asarar mai.

Na uku, a jera sawu bisa nisa da haɗarin hanya. Mutanen nesa irin na Gummi, Bukkuyum da Anka a ba su sawun da ya fi tabbas, na kusa da filin jirgi su zama masu cike gurbi, tunda su ana iya kiransu cikin sa'a biyu.

Na huɗu, sanarwa ta tafi kai tsaye zuwa wayar maniyyaci da ta wani ɗan uwansa, ta gajeren saƙon tes, ba ta manhajar da sai da data ba. A haɗa da rediyo da jami'an ƙananan hukumomi, domin Zamfarawa ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a faɗin jihar.

Rawar da mai riƙe da waya zai taka

Kafin hukumomi su motsa, matashi na iya rage wa iyayensa zaman duhu. Manhajar Flightradar24, wadda ke da sigar kyauta, tana nuna jirage a taswira ta hanyar saƙon da su kansu suke watsawa. Idan aka san lambar rajistar jirgin da ke jigilar jiha, ana iya ganin inda yake da tafiye-tafiyensa na 'yan kwanakin baya. Idan an ce tashi ƙarfe goma na dare, amma da magariba jirgin yana Jidda bai motsa ba, lissafin misalin da ya gabata ya isa ya nuna cewa goman nan ba za ta yiwu ba. A kula, jiragen haya kan zo da lambar wata ƙasa, jirgi kan ɓace daga taswira a saman hamada, kamfani kuma na iya canza jirgi. Bayanin na taimaka wa iyali ne su shirya, ba hujjar ƙin amsa kiran hukuma ba ce, ba kuma abin yaɗa jita-jita ba.

Ga mai sha'awar rubuta manhaja kuwa, wannan fage ne a buɗe. Google na da kayan aiki na kyauta mai suna OR-Tools da ake sarrafawa da harshen Python, wanda aka yi shi don irin wannan lissafin. Ɗalibin kwamfuta ko lissafi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, zai iya ɗaukar jigilar maniyyatan ƙananan hukumomi 14 na Zamfara a matsayin aikin kammala karatu: motoci nawa, rakiya nawa, wane ayari a wane sawu. Matsala ce ƙarama idan aka kwatanta da ta Delta, ƙaramar kwamfutar cinya ma za ta warware ta.

Dokar jiragen sama ta yarda cewa ƙarfe yana gajiya, ta yarda matuƙi yana gajiya, ta sa wa kowannensu iyakar da ba a tsallakewa ko da za a yi asarar miliyoyi. Dattijuwar da ta sayar da shanunta ta biya kujera ita ma tana da iyaka. Abin da ya rage shi ne hukumar alhazai ta rubuta wannan iyakar a cikin kwangila kafin jigila ta gaba.